Ni nas ce, an ce in kawo miliyan 12 a samo mini takardar aiki a Ingila. Hanyar ke nan?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya tsaya mini a wuya, dole in tambaya.

Ni nas ce a wani asibitin gwamnati a nan Kano. Makarantar koyon aikin jinya na yi ta shekara 3, na fito da RN, wato shaidar nas mai rajista, daga baya na koma na ƙaro ungozoma. Digiri kam ban yi ba. Na so yi, aure da goyo suka sha gabana. Yanzu shekarata 7 a bakin aiki, 4 daga ciki a ɗakin haihuwa. Duk wadda ta taɓa dutin dare a ɗakin haihuwa ta san abin da nake nufi: ke kaɗai sai 'yar ɗaliba ɗaya, mata 5 suna naƙuda, wuta ta ɗauke, kina ɗinki ɗalibar na haska miki da fitilar waya. Ba raina aikin nake yi ba, wallahi ina son sa. Amma albashin kafin 20 ga wata ya zama labari, ga yara 3, biyu suna makarantar kuɗi.

Makon jiya wata abokiyar aikina ta kai ni wurin wani ejan. Ofishinsa a saman wani bene yake, da sanyin na'ura da ƙaton hoton agogon Landan a bango. Ya ce zai samo mini takardar ɗaukar nauyin ma'aikaci da suke kira CoS daga wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, kuɗin naira miliyan 12, in ba da rabi yanzu, rabi in takarda ta fito. Ya ce ba ruwana da jarrabawar Turanci, in na isa can na zauna sai in sauya zuwa aikin nas a hankali. Har ya nuna mini hotunan takardun waɗanda ya ce ya fitar, yana rufe sunayensu da babban yatsa. Ya ce gurbi biyu ya rage, in ban kawo kuɗi kafin ƙarshen wata ba zai ba wata.

Abin da ke hannuna miliyan 3 ne na adashe, sai sarƙa da 'yan kunnen gwal da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta bar mini. Maigida malamin sakandare ne, yana da ɗan fili a bayan gari, ya ce in dai na tabbatar abin gaskiya ne zai sayar. Kalmar nan “in kin tabbatar” ita ta hana ni barci.

Na ɗan duba a intanet sai na ƙara rikicewa. Na ga an ce yanzu sai aikin da ake biya fam 41,700 a shekara ake ba biza, kuma sai aikin masu digiri. To ni mai RN ke nan ban cancanta ba, shi ya sa sai ta hanyar kula da tsofaffi? In kuwa na cancanta a matsayin nas, daga ina ake farawa? Sannan yara fa, ana tafiya da su? Don Allah wanda ya bi hanyar da ƙafarsa ya faɗa mini, ba wanda ya ji a bakin wani ba.

Sista Bradford:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Kafin komai, ki mayar da sarƙar Hajiya cikin akwati ki kulle. Kada ki ba mutumin nan ko sisin kwabo.

Ni 'yar Zariya ce, RN gare ni kamar ke, ba digiri, kuma tun 2022 nake aiki a wani asibitin NHS, wato hukumar asibitocin gwamnati, a nan Ingila. Abin da ya sa na ce ki riƙe kuɗinki ba zargi ba ne kawai. Hanyar da yake son sayar miki an toshe ta. Tun ranar 22 ga Yuli 2025 gwamnatin Birtaniya ta daina ba da bizar kula da tsofaffi ga wanda yake nema daga wata ƙasa. Waɗanda suke cikin ƙasar tun da farko ne kawai aka ba damar sabuntawa ko sauyawa zuwa 2028. To wace takarda zai kawo miki daga gidan tsofaffi kina zaune a Kano? Tun ma kafin a toshe, daga Maris 2024 an hana masu wannan bizar zuwa da miji ko 'ya'ya. Maganar cewa ba a buƙatar Turanci ma ƙarya ce, ko a lokacin da hanyar take buɗe sai ka nuna shaidar Turanci.

Ita kanta CoS ɗin mutane ba su fahimce ta ba. Ba wata takarda ba ce mai hatimi da ake ajiyewa a durowa ana jiran mai saye. Lamba ce a kwamfuta. Asibitin da ya ɗauke ki aiki, wanda yake da lasisin ɗaukar baƙi daga ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, shi ne zai shiga ya cike sunanki da lambar fasfonki da irin aikin da albashin, sai lambar ta fito, ki yi amfani da ita ki nemi biza cikin wata 3. Kuɗinta a kan mai ɗaukar aiki yake, doka ba ta yarda ya ɗora miki ba. Ni ranar da tawa ta zo ina kan layin shan mai ne a Kaduna, saƙo ya shigo wayata, shafi biyu kacal. Ban biya kowa komai a kanta ba. Sunayen duk masu lasisin kuma suna nan a shafin gwamnatin Birtaniya, kyauta, kowa na iya dubawa.

Yanzu ga abin da ya tsorata ki. Fam 41,700 ɗin gaskiya ne, amma na bizar ƙwararru ne ta gama-gari, irin su injiniyoyi da masu aikin kwamfuta. Mu masu jinya muna ƙarƙashin bizar ma'aikatan lafiya, albashinmu kuma da ma'aunin NHS ake auna shi. Sabuwar nas mataki na 5 take shiga, wanda a shekarar 2025 zuwa 2026 ya fara daga fam 31,049 a Ingila, kuma ya wadatar wa biza. Maganar digiri ita ma ba a kan kwalinki take ba, a kan matsayin aikin take, aikin nas kuwa a matakin masu digiri aka ajiye shi. Abin da ake nema daga gare ki shi ne hukumar masu jinya ta nan, NMC, ta yarda da ke. NMC kuwa tana karɓar RN ɗinmu na shekara 3, tunda da shi hukumar masu jinya ta Najeriya ta yi miki rajista. A sashen da nake mu 'yan Najeriya 4 ne, mutum ɗaya ce kawai mai digiri.

Wahalar a wani wuri take, kuma ba zan ɓoye miki ba: Turanci. Ni ma da na raina shi, na ce tun firamare da Turanci aka koyar da ni, rahoton marasa lafiya kullum da shi nake rubutawa. Sai da jarrabawar Turanci ta IELTS ta kayar da ni sau biyu. NMC tana son 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu. Karon farko na samu 6 a rubutu, karo na biyu rubutun ya haye sai sauraro ya sauko. Na yi kuka a cikin motar haya tun daga Abuja har Kaduna, kuɗi sun tafi. Daga nan wata ta ce in gwada OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Ita ta fi tsada, amma duk tambayoyinta na asibiti ne. A rubutu za a ba ki bayanan mara lafiya a ce ki rubuta wasiƙar tura shi wani wuri cikin minti 45, a magana kuma ki zauna da wani ya zama mara lafiya ke kina nas. Ana son B a uku, C+ a rubutu. Wannan na ci a zama ɗaya, don abin da nake yi kullum ne. Shawarata ki nemo tsofaffin tambayoyin duka biyun ki gwada kanki a gida da agogo a gabanki, kafin ki biya kuɗin ko ɗaya. Ki kuma sani sakamakon shekara 2 yake yi ya mutu, don haka daga ranar da kika ci lokaci ya fara gudu.

Bayan Turanci sai ki buɗe neman rajista a shafin NMC da kanki, ki biya fam 140 na tantancewa. Za su nemi hukumar masu jinya ta Najeriya ta tabbatar musu da rajistarki kai tsaye. A 2024 hukumar ta fito da sharaɗin sai an yi aikin shekara 2 kafin ta tabbatar wa mutum, aka yi ta hayaniya, amma ke mai shekara 7 wannan bai shafe ki ba. Sai dai ki yi haƙuri da jira, a nan ne na fi ɓata lokaci.

Sai jarrabawar kwamfuta, CBT, fam 83, a Najeriya ake yin ta. Kashi biyu ce: lissafin magani tambaya 15, sai aikin jinya tambaya 100. Ba ta da wuya ga wadda take aiki, in dai kin karanta ƙa'idojin aikin NMC, don yadda suke son a amsa tambaya a kan haƙƙin mara lafiya da sirrinsa ya bambanta da yadda muka saba. A nan ma ki yi hattara da masu cewa za su “taimaka”. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan, ta soke sakamakon kusan mutum 2,000 da suka zauna a can, har da waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Na san wadda ta riga ta fara aiki a nan aka ce ta sake zama, ta yi watanni ba ta san matsayinta ba.

In kin haɗa Turanci da CBT, lokacin ne za ki fara neman aiki, a shafin NHS Jobs da makamantansa. Akwai abin da ya kamata ki sani a nan. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, tare da Nijar da Gana. Saboda haka an hana asibitocin nan da kamfanonin ɗaukar ma'aikata su zo su yi zawarcinmu. Abin da aka yarda shi ne ke da kanki ki ga talla ki nema kai tsaye. Kin ga ke nan duk ejan da ya ce shi wakilin wani asibitin NHS ne a Kano, daga nan ma ya tona kansa.

Kuma in faɗa miki gaskiya, kasuwar ta yi sanyi. Lokacin da na zo, asibitoci rukuni-rukuni suke kwaso mu, jirgi ɗaya mu 14. Yanzu asibitinmu ya daina wannan, kuɗi sun yi musu kaɗan, ga 'yan ƙasa da suka gama karatu suna neman gurbi. Ni na cike takardar neman aiki ta fi 30 kafin a kira ni ganawa ta bidiyo. Ke mai yiwuwa ki cike fiye da haka. Ba na son in sa miki rai a kan cewa wata 6 kin tafi. Ni shekara ɗaya da wata 7 na yi daga IELTS ta farko zuwa hawa jirgi.

Na gaji da rubutu, zan shiga duti. Maganar yara da jarrabawar OSCE sai na dawo.

Baban Khalifa:

Hajiya, ki ji abin da Sista ta faɗa miki. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, yadi nake sayarwa, amma na biya kuɗin makarantar wannan darasi da tsada.

A 2023 ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta zo da irin maganar nan. Ita ma nas ce. Lokacin hanyar kula da tsofaffin tana buɗe. Na sayar da fili, yayanmu ya sayar da mota, muka haɗa miliyan 9 muka ba ejan. Mu namu ma bai gudu ba, shi ya sa ake ruɗuwa. Takarda ta fito, biza ta fito, muka raka ta filin jirgi ana ta murna, har walima aka yi a gida.

Ta isa ta tarar kamfanin ɗaki ɗaya ne a saman wani shago. Sun kawo mutane sun fi aikin da suke da shi yawa. A takarda an rubuta mata awa 39 a mako, a zahiri wani makon awa 8 za a ba ta, wani makon ko ɗaya. Su 5 a ɗaki. In ta yi magana sai a ce mata za a soke takardarta. Mu da muke jiran ta turo, mu muka koma tura mata kuɗin abinci daga nan, ana canza naira zuwa fam, ka ji kamar ka yi kuka. Wata na 7 gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanin, aka aiko mata wasiƙa cewa tana da kwana 60 ta samu wani mai ɗaukar nauyi ko ta bar ƙasar. Ba ita kaɗai ba ce, gwamnatinsu da kanta ta ce daga tsakiyar 2022 zuwa ƙarshen 2024 ta ƙwace lasisi sama da 470 a wannan fannin.

Allah Ya taimake ta ta samu wani gidan tsofaffi na gaskiya saura kwana 11. Tana can har yanzu. Abin haushin shi ne, maganar “in kin isa sai ki sauya zuwa nas” da ejan ya yi mata, ashe sai ta yi duk jarrabawowin nan da Sista ta lissafa, ba a rage mata ko ɗaya ba. Yanzu take karatun OET bayan ta taso daga aikin awa 12. Da a gida ta zauna ta yi su, da filina yana nan.

Na koma wurin ejan, ya ce shi biza ya yi alkawari kuma biza ta fito. Na rasa abin da zan ce masa. Ko rasit bai ba mu ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Ni dai tambayata ɗaya ce, kuma ba da faɗa ba. In duk kuka tafi, matanmu wa zai karɓi haihuwarsu? Ke da bakinki kika ce ke kaɗai ce a dutin dare. In kin tafi sai ɗalibar nan mai riƙe fitila ta rage. Sannan a duba tarbiyyar yara a can, ba kuɗi ne kaɗai abin dubawa ba. Allah Ya zaɓa mafi alheri.

Maman Ilham:

Amin Malam. Maganarka ta taɓa ni, don ni ma ina yin wannan tunanin, musamman in na tuna wasu matan da na san da ba na wurin da Allah kaɗai Ya san yadda za a yi. Amma ka sani mu 9 muka fara aiki a sashen nan, yanzu mu 4 ne, kuma ba Ingila sauran suka tafi ba. Biyu sun koma ƙungiyoyin agaji, ɗaya tana Saudiyya, ɗaya ta buɗe shagon atamfa, ɗaya ta rasu. Ba a kawo madadin ko ɗaya ba. Wannan tambayar ba ni ya kamata a yi wa ba.

Baban Khalifa, Allah Ya mayar maka da alheri, Ya kuma fitar da ƙanwarka. Jikina ya yi sanyi da na karanta. Na nuna wa maigida, ya karanta sau biyu, bai ce komai ba, ya miƙo mini wayar ya fita masallaci.

Sista, Allah Ya saka da alheri, kin buɗe mini ido. Ejan ya kira ni ɗazu na ce masa na ji an rufe hanyar tun Yulin 2025, sai ya ce wai shi yana da “hanya ta ciki”. Na ce to zan neme shi. Ina jiran maganar yaran. Ga kuma wani abu: maigida ya ce shi ba zai bar aikinsa ba, saura shekara 9 ya yi ritaya, ga mahaifiyarsa a gidanmu take. Tunaninmu shi ne in tafi da ƙananan biyu, Ilham ta zauna da babanta tunda ta shiga sakandare. Hakan zai yiwu? Kuma ni da nake da ungozoma, da wanne zan nema?

Sista Bradford:

Na dawo, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Maman Ilham, gara da kika faɗi wannan tun yanzu, don nan ne shirin naku zai ci karo da doka. Nas tana da damar zuwa da miji da 'ya'yan da ba su kai 18 ba, wannan haka yake. Amma ƙa'idar yara ita ce sai iyaye biyun duka suna nema tare ko suna can da izini. In uba yana raye yana Najeriya, ba a ba yaro biza ya bi uwa sai ta nuna ita kaɗai ce ke ɗauke da nauyinsa gaba ɗaya, ko akwai wani dalili mai ƙarfi ƙwarai. Takardar “na yarda matata ta tafi da su” daga hannun maigida ba ta isa ba. Ke kuwa da aurenki, kuna gida ɗaya, ba za ki ce ke kaɗai ke riƙe da su ba, kuma kada ki bari wani ya ce ki rubuta hakan. In suka kama ƙarya a takarda suna iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10. Don haka zaɓin biyu ne a zahiri: ko ku nema gaba ɗaya har da shi, ko ki fara tafiya ke kaɗai. Wannan ba a intanet za a warware shi ba, ku zauna ku biyu, har da Hajiyarsa.

Ni kaɗai na fara zuwa, na bar yaro ɗan shekara 3. Wata 10 kafin su iso da babansa. Ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Na zo a Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, in dawo ɗaki in kira bidiyo yaron ya ƙi kallona. Amma da na zo da shi a lokacin da ban san yadda zan yi ba, don kuɗin masu rainon yara a nan sai ya cinye rabin albashi, kuma bizarmu ba ta ba mu damar karɓar tallafin gwamnati ba. Ba kaka, ba maƙwabciyar da za ki miƙa wa ta katanga.

Ga kuma OSCE tana jiran ki. Ita ce jarrabawar aiki da hannu, a nan kaɗai ake yin ta, a cibiyoyi irin na Northampton da Leeds. Kafin ki ci, ba nas ba ce ke a idonsu, a ƙaramin mataki za a riƙa biyan ki. Ana so ki yi zaman farko cikin wata 3 da fara aiki, ki kammala rajista cikin wata 8. Tasha 10 ce, kowace da aikin da za ki nuna, kuɗinta fam 794, yawancin asibitocin NHS su suke biya. Kada shekarunki 7 su ruɗe ki. Ni da na yi shekara 9 ina allura, a tashar ba da magani na faɗi. Ba don ban iya ba. Na ɗauki kwalin, na duba ranar lalacewarsa da ido kamar yadda na saba, na ci gaba. Ashe sai kin faɗa da baki mai duba ki ya ji. Komai sai kin furta: na wanke hannu, na tambayi sunanki da ranar haihuwarki, na duba abin hannunki, akwai maganin da jikinki ba ya so? Kina yi wa mutum-mutumin roba magana kamar surukarki. Sa'ar da aka yi tashar da ka faɗi kaɗai kake maimaitawa, kuma dama 3 ake bayarwa.

Ungozoma rajistarta daban, jarrabawarta daban, gurabenta kuma ba su kai na jinya yawa ba. Yawancin masu takarda biyu irinki da RN suke shigowa a matsayin nas ta manya. In haka za ki yi, ki roƙi a mayar da ke ɗakin marasa lafiya na ɗan lokaci tun yanzu, don a ganawa tambayoyin can za a yi miki, ba na naƙuda ba.

Kuɗin biza kansa bai kai yadda ake zato ba. Mu an yafe mana harajin lafiya na fam 1,035 a shekara da sauran baƙi suke biya. Ana so a ga fam 1,270 sun kwana 28 a asusunki, sai dai in asibitin ya rubuta a CoS cewa ya ɗauki wannan nauyin, nawa ya rubuta. Sai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, takardarsa wata 6 take yi, don haka kada ki yi gaggawar yin sa. Sai takardar 'yan sanda. Miliyan 3 ɗinki in kin bi a hankali za ta kai ki nesa a jarrabawowin. In an ba ki kwantiragi ki karanta wurin da ya ce nawa za ki mayar in kin bar aiki kafin shekara 2 ko 3, kusan duka suna da shi. Ki tuna kuma bizar a ɗaure take da asibitin da ya kawo ki, in za ki sauya wurin aiki sai sabuwar CoS.

Abu na ƙarshe, wanda ba wanda ya gaya mini kuma ya ci mini wata 2: ki fito da duk takardunki yau ki shimfiɗa a kan gado. Ni a sakamakon sakandare Hauwa'u ce, a takardar makarantar jinya Hauwa, a fasfo Hawwa, ga sunan miji da na ƙara a lasisi. Sai da na yi rantsuwar kotu da sanarwa a jarida. Ki duba ranar haihuwa ma. In kuma aurenku irin namu ne na ƙofar gida, goro da alawa da shaidu ba takarda, ku je ku yi takardar aure tun yanzu ko da maigida bai yanke shawarar tafiya ba.

Hijabi ba matsala, da ɗankwalina nake aiki. Hannun riga ne dai dole ya tsaya a gwiwar hannu in kina kan mara lafiya, saboda wanke hannu. Wasu asibitocin suna ba da hannun riga na leda da ake yarwa in kin tambaya.

Maman Ilham:

Sista, na shimfiɗa su kamar yadda kika ce. A fasfo an haife ni a watan Maris, a takardar makarantar jinya watan Mayu. Shekara 9 takardar nan tana cikin akwatina ban taɓa lura ba. Takardar aure kuwa babu, maigida ya ce waliyyina ma ya rasu, amma limamin da ya ɗaura yana nan da ransa.

Maganar yaran ba mu gama ba. Jiya mun kai ƙarfe ɗaya muna yi, Hajiya ta ce ita ba a tambaye ta ba tukuna, in an tambaye ta za ta faɗi nata. Na dai toshe lambar ejan, abokiyar aikin nawa kuma tana fushi da ni, ashe an yi mata alkawarin kaso.

Na sauke tambayoyin OET na gwaji, na yi na sauraro da asuba kafin yara su tashi. Na ci 24 cikin 42. Matar da ke magana a kashi na biyu ko rabin abin da ta ce ban kama ba, kamar tana tauna goro. Irin wannan harshen ne mutanen Bradford suke yi, ko nasu ya fi haka?